Ƙofar Yamma

Litinin, 3 ga Mayu, 1976
An gama gidajen kwanon da gwamnati ta gina mana, mu Fulanin ruga, a hanyar Rogo Ruma. Wai mu bar yawo. Rediyona har ya faɗa, na ƙure murya kowa ya ji. Sai da muka je gani: duk ƙofofin gabas suke kallo, wajen titi! Mu da ƙofarmu ke duban yamma, inda garke yake. In farka in ga lori maimakon maruƙa?

Juma'a, 7 ga Mayu
Malam Abdulsalami, jami'in aikin, ya raba makullai. Maza ya ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, a wurinmu mace ke kafa ɗaki, kuma nata ne. Miji baƙo ne." Ya ce a tsarinsu maigida ake ba. Lado, mijina, ya rataya makulli a wuya yana ta taƙama kamar hakimi. Na ce, "Kai da ko kara ba ka taɓa ɗaurawa ba!" Aji huɗu na yi a Karaye wurin Goggo, ba a rufe mini baki.

Ba zan shiga ɗakin da wani zai iya kulle ni a waje ba.

Laraba, 12 ga Mayu
Na kafa bukkata a bayan gidan, ƙofa yamma. Mata sun bi sahu. Awaki ne a cikin na kwanon.

Alhamis, 20 ga Mayu
Malam ya dawo duk ya rame. Wai in manya suka zo daga Kano suka tarar ba kowa, za a ba 'yan gari gidajen, har da rijiya. Na dama masa fura. Tausayi ya ba ni, amma a'a.

Talata, 1 ga Yuni
Ruwa da iska. Bukka ta yaye, ƙoren da Inna ta bar mini biyu sun fashe. Na yi kuka.

Lahadi, 6 ga Yuni
Na fasa bangon yamma na gidan kwanon da taɓarya, na yi ƙofa, na rataya asabari. Malam ya zo ya duba, ya ce mini, "Laure, ban ga komai ba." Lado yana nan da makullinsa, na ƙofar da ba mai bi.

Ba tarewa na yi ba. Ƙorena na kai, kuma ba a barin ƙwarya ta kwana ita kaɗai. Daga kan gado ana hango maruƙa.