Ramukan Gungume na Huɗu

Talata da dare, unguwar Waziriyya

Na kasa cin abinci. Yau aka buɗe kwantenar farko da aka bar mini in duba ni kaɗai, gumagumai masu laushi da kamfaninmu ya shigo da su daga Turai. Takardarsu ta ce an yi musu feshin ƙwari kafin a loda su a jirgi. Amma a gungume na huɗu na ga ƙananan ramuka a ƙarƙashin ɓawo, da farin gari a bakinsu. Na share garin da yatsa, na tafi sallar Azahar. Da na dawo ya sake taruwa. Abin da ke ciki yana da rai ke nan.

Manaja ya kira ni a waya. "Ya Sani, takarda da hatiminta ta zo. Sa hannu, halas, shi ke nan, motoci na jira."

Baba Abakar, dattijon da ke kula da sito, ya ja ni gefe. "Ɗana, iƙamarka, takardar izinin zamanka a ƙasar nan, a hannun Manaja take, kuma wata biyu kacal ka yi."

Na ce, "Baba, da idona na gani."

Ya ce, "Ni ma nakan gani. Ni dai ba a taɓa miƙo mini biro ba."

Ban sa hannu ba. Na rubuta abin da na gani, da lokacin da na gan shi. Manaja ya ce in same shi a ofis ƙarfe takwas na safe.

Ɗazu Inna ta kira daga Kano tana tambayar aiki. Na ce mata lafiya lau, ta dai sa ni a addu'ar Asuba.