Sunan da Ka Ba Akuya

Nuhu,

Na tafi Baleyara sayen ragon suna. Kana barci, ban tashe ka ba, don da na tashe ka da mun yi abin kunya gaban yara.

Jiya da la'asar ƴan lakwal suka taso daga makaranta, suka wuce ƙofar gida suna rera sabuwar waƙarka, ta akuyar da ta cinye hular mushe, malaminsu. Har na fara dariya, sai na ji sunan akuyar. Sa'adiyya.

Ban da uwar jaririyar, kai kaɗai ka san sunan nan. Ni na zo ɗakinka tun kafin a haihu, na ce buɗe min littafinka na sunayen jarirai, muka zaɓa tare. Na ce ka riƙe bakinka sai ranar suna. Ko Inna ban gaya wa ba. Duk sunayen da ka tara, ba wanda ya dace da akuya sai na ɗiyata?

Kuma na riga na yi mata huɗuba da shi a kunne. Ba ya canzuwa.

Adama ta ji su daga ɗaka, da ɗanyen jegonta. Ko tuwo ba ta ci ba, tana zaton ni na yi yawo da sunan cikin gari. Kafin in dawo ka shiga ka gaya mata da bakinka wa ya yi. Kada ka mai da shi wasan ƙanin miji.

Jibi liman zai faɗi sunan gaban jama'a, yara na tsaye bakin zaure. Ka fi kowa sanin ba su manta waƙa.

Wanka,
Manu