Hoton Auduga

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Na san babu gidan wayar da zai kai maka wannan takarda, amma ba ni da wanda zan faɗa wa maganar nan sai kai.

Mutanen Badafi lafiya. An yanke dawa, matarka Hajara ta fita takaba, ɗalibanka har yanzu suna ce wa ajin nan ajin Malam Habu. Inna ce ba lafiya ba, kuma ni na jawo.

Ka tuna mujallar da ka kawo daga Kano a 1986, mai hoton kumbon Amurka da ya fashe a sama? Hayaƙi fari ya rabu biyu kamar reshen bishiya. Ka ce mutum bakwai ne a ciki, har da malamar makaranta irinka, idonka ya yi ja. Ni kuwa, mai ɗaukar hoto a kasuwar Kiru, na yi maka dariya a gaban mutane. Na ce haɗi ne. Wa ya tsaya a sama da kyamara yana jira? Ka ce daga ƙasa aka ɗauka, na ce ƙarya. Mako guda muna musu, har tuwo ya daina yi mana daɗi.

Sai na tsinko auduga a gonar Baba, na baza ta a kan shuɗin zanen Inna, na ja ta reshe biyu, na ɗauki hotonta na wanke. Na ajiye nawa kusa da naka a zaure. Dattawa suka yi ta juya su, aka rasa mai bambancewa. Inna ta riƙe haɓa ta ce ashe hoto ma yana ƙarya. Kai ka naɗe mujallarka, ba ka sake tayar da zancen ba.

Yaya, ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Tun ranar farko na san naka na gaske ne. Mai wanke hoto ya san hayaƙi, ya san auduga. Haushi nake ji kai ne mai ilimin gidan, kai ake kira a karanta wasiƙa. Na so in kayar da kai sau ɗaya a abin da na fi ka sani.

Da motarku ta ƙone a hanyar Jos, mutanen wurin suka yi muku sutura kafin labari ya iso mana. Ba mu ga gawarka ba. Abin da aka kawo mana hoto ne guda: ƙarfe baƙi a gefen titi, da hayaƙi. Na miƙa wa Inna. Ta duba, ta dube ni, ta tambaye ni da wane zane aka yi wannan.

Wata biyar ke nan. Ta hana a yi maka sadaka a gidanta. Wanda ya zo ta'aziyya sai ta tambaye shi wa ya mutu. Kullum tana zuba tuwonka a kwanonka ta rufe. Yanzu kuma ta fara bin motar kasuwa zuwa Kwanar Dangora, ta tsaya a bakin kwalta tana leƙa duk motar da ta rage gudu. Ranar Talata ta hango wani mai hula irin taka a tsallake, ta shiga titi ba ta duba ba. Tirela ce ta taka birki har taya ta yi ƙauri.

Tsoro nake ji, Yaya. Ina tsoron ranar da za a kawo min hoto na biyu. Kuma ina tsoron kaina, don ni ma na ɗauki hoton motarku na kai shi hasken rana, ina neman zaren auduga a cikin hayaƙin. Na fi sau goma ina dubawa. Babu.

Liman ya yi mata nasiha, kawu ya yi, Hajara ta yi da kuka. Amsarta ɗaya ce: ni Sani na nuna mata da idonta hoto yana ƙarya. Ashe ba wanda zai kwance abin nan sai ni.

Gobe bayan hantsi zan zauna a gabanta da mujallarka da hoton audugata. Zan ce mata na yi ƙarya, kumbon ya fashe da gaske, mutum bakwai sun mutu, kai ne mai gaskiya. In ba ta yarda ba, za ta koma titi. In ta yarda fa? A bakina za ka mutu a wurinta, ni zan ɗauke kwanon nan daga hannunta. Da kai ne, da wace kalma za ka fara?

Ka yafe min dariyar nan. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya ba ni bakin magana gobe.

Ƙaninka da ya ci musu,
Sani mai hoto