Askin Ƙwal-kwabo a Arequipa

Mama,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ciwon ƙafarki? Yaya Yovana da tumaki? Ki gaishe mini da Kawu Fortunato, ko da yake shi ya tayar miki da hankali.

Ki share hawayenki, sojoji ba su kama ni sun sa ni aikin soja ba. Kawu ya hango ni a tasha kai ƙwal-kwabo, ko tambayata bai yi ba ya garzayo miki da labari. Askin murna ne, Mama, na ci jarrabawa! Ƙaramar kwalejin aikin jinya da ke ƙarƙashin jami'a ta ɗauke ni. Sakamako na fita, abokan ɗakina suka danne ni da almakashi, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya samu shiga, suka fasa mini ƙwai a ka. Ɗaya daga cikinsu, Eleuterio, yana aski yana tsiya: "Tsaya mana, ɗan tsauni! Kai kamar dankali, ta ina karatu ya shiga?" Na ce, "Ta inda naka ya zube." Shi bana ma bai ci jarrabawar ba, da gashinsa zai kwana, sai na yi nadamar maganar.

Lafiyata ƙalau, ina cin abinci, galibi. Ƙwan da suka ɓarnatar ɗin nan dai na daɗe ina kallonsa a ƙasa. Ɗakin ba laifi, sai sanyin asuba da ke samun kai ba gashi.

Don Allah ki saƙa mini hular ulu mai rufe kunne. Hular ƙarfen da marigayi Baba yake shiga ramin ma'adinai da ita kuwa, wadda Kawu ke cewa tana jirana, ki bar ta rataye a ƙusarta. Ba zan zo ɗauka ba.

Allah ya bar mana ke.

Ɗanki,
Nemesio