Sunan Maigida a Tashar Baltimore

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya jikin Inna, ya yara? Muna lafiya.

Makon jiya muka dawo daga Bermuda a jirgin ruwan shaƙatawa na maƙwabcinmu. A tashar Baltimore jami'an kwastan suka shigo duba fasfo, ɗaya ya tambayi Rabi sunan mijinta. Kin san matar tawa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baban Amina." Ya maimaita, ta ƙi faɗin sunan. Suka zaci auren bogi ne, suka riƙe katin izinin zamanta a Amurka. Da ƙyar ta yarda ta rubuta sunan a takarda, suka mayar mata da katin. Har aka sallame mu ba ta furta shi ba.

A gaida su Kawu, a sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Sani