Ƙarshen Layi Yana Ɓace Mini

Malama Rashida, bayan sallama irin ta Musulunci, ina roƙon ki taimake ni da shawara kafin watan azumi ya kama, domin al'amarin nan ya hana ni sukuni.

Ni dattijo ne a Takur, cikin Dutse. Tun gemuna yana baƙi nake gabatar da tafsiri a masallacin unguwarmu. Bara, bayan wani jiri da ya ɗebe ni a wajen alwala, sai duk abin da ke hagu da ni ya daina bayyana. Ba duhu nake gani ba, wurin ne kawai babu shi. Nakan ci tuwo in bar rabin kwano, sai mai ɗakina ta juya mini shi. Maƙwabcina ya miƙo mini hannu ta gefena na hagu na wuce shi, har yau abin yana ransa.

Likita ya ce idanuna lafiyarsu ƙalau. Ya bayyana mini cewa jijiyoyin gani suna haɗuwa a bayan idanu, wasu su tsallaka, ta yadda abin da ke hagu yake isa ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa, can wajen ƙeya. A nan hawan jini ya yi ɓarna, shi ya sa idanun biyu suka rasa gefe guda, kuma tabarau ba zai dawo da shi ba. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya tsara wannan halitta.

Ga inda nadamata take, 'yata. Larabci daga dama ake karanta shi zuwa hagu, wato kullum ina tafiya ne zuwa inda ba na gani. Na ɓoye lalurar, na hau kujerar tafsiri a haka. Wata rana na tsallake ƙarshen layi, na haɗa da na ƙasa, na fassara wa jama'a hukunci ba yadda yake ba. Sai bayan an watse ɗalibina Uwaisu, mai ja mini baƙi, ya nuna mini cikin ladabi. Washegari na gyara. To waɗanda ba su dawo ba fa? Shin in sauka in bar masa kujerar?

Dattijo mai nadama, Takur

Allah gafarta Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Tsoronka yana bisa hanya, domin amanar ilimi ta fi kujera nauyi. Sai dai gefen gani ka rasa, iliminka yana nan, kuma ɓoyewar ce ta kai ka ga kuskuren.

Kada ka sauka, kada kuma ka koma yadda ka yi bara. Malam Uwaisu ya zauna a damanka da nasa littafin, ya karanta, kai ka yi sharhi. In kana nazari, shimfiɗa jan zare a gefen hagu na shafi, kada ka bar layi sai ka ga zaren. Ka riƙe maganin hawan jini, ka koma asibiti a koya maka juya kai da ido, ka kuma haƙura da tuƙi.

Ranar da za a buɗe tafsiri, ka faɗa wa jama'a lalurarka da bakinka, ka maimaita gyaran hukuncin nan, ka roƙi wanda ya ji ya isar wa wanda bai ji ba. Amma kafin ranar, ka taka gidan maƙwabcinka, ka zaunar da shi a damanka, kai ka fara miƙa hannu.

Allah ya kai mu watan lafiya, ya sa lalurar ta zama kaffara.