Ƙwallon da ke Rataye a Gareji

Auta,

Na leƙa na tarar kana barci, ban tashe ka ba. Na tafi ganin likitan gwiwa.

Jiya ni da kawunka mun je wurin dillalin motoci. Babbar nan da ka nuna min a waya ba tawa ba ce, sai da aka kama hannuna na hau, kamar mai haura katanga. Ƙaramar jif mai ruwan toka na zaɓa. Ba hawa, ba durƙuso, zama kawai na yi kamar a kujerar falo, ga hanya ina gani tar. Bakanikenmu ya saurari injin ya ce, "Mama, wannan ba za ta bar ki a hanya ba." Da yamma za a kawo ta.

Abu ɗaya za ka yi min. Ka san ƙwallon da babanku, Allah Ya jiƙansa, ya rataya a gareji lokacin ina koyon tuƙi, ina ta dukan bango. Ya ce, "In ta taɓa gilashi ki taka burki, ki bar min ginina." Shekara da shekaru ita ke tsayar da ni. To, sabuwar motar ta fi tsohuwar tsayi, sai an ɗage ƙwallon.

Ka naɗe igiyar daga sama, a jikin ƙusa. Kada ka yanke ta, kada ka taɓa ƙullin ƙasa. Shi ya ƙulla da hannunsa, kuma har yau bai kwance ba.

Ummanka